Daren Zazzaɓi, Hadari da Muzurai: A Kan Wa Fushinmu Yake Sauka?



Hausawa sun ce dare mahutar bawa. Haka ne, sai dai duk wanda ya taɓa jinyar ƙaramin yaro ya san akwai daren da ba a hutawa a cikinsa, daren da mutum zai duba agogo ya ga ƙarfe biyu, ya daɗe yana zaune har ya yi tsammani asuba ta kusa, ya sake dubawa ya ga ƙarfe biyu da minti goma. Irin wannan dare ne ya same mu a gidanmu a farkon damina, cikin watan Yuni. Mun ga ya dace mu kawo labarinsa a wannan shafi, ko da yake akwai abin kunya a gare mu a ciki, saboda wata tambaya da ya bar mana wadda muke jin ta shafi kowane gida a cikin Ikklisiyarmu.

Tun da la'asar jikin 'yar autarmu, mai shekara 4, ya fara ɗumi. Ta ƙi tuwo, ta ƙi kunu, ta kwanta a kan tabarma tana lumshe ido. Muka ba ta farasitamol, muka ce gobe da safe, in Allah ya kai mu, sai asibiti. Kafin ƙarfe goma na dare jiki ya yi zafi kamar garwashi, tana rawar ɗari, tana sambatu. Asibitin da ya fi kusa da mu yana tsallaken rafi. Muna cikin shawarar wanda za a tasa ya kai mu a babur, sai hadari ya haɗo daga gabas, kamar yadda ya saba a farkon damina, da iska da ƙura a gabansa. Aka ɗauke wuta. Kwanon rufi ya shiga ɗagawa yana komawa, sai ka ce wani ƙato ne yake jijjiga shi. Daga nan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, muka kuma sani cewa rafi ya kawo, ba mai tsallaka shi kafin gari ya waye.

Haka muka zauna a gaban fitilar ƙwai. Uwar yarinya tana goga mata tsumma mai laima, yayyenta suna kai robobi da tukwane duk inda ɗaki yake yoyo, gwaggonmu kuwa, wadda ta zo mana baƙunta, tana jan addu'ar Rosari, mu muna amsawa. Don mu rage wa yaran tsoro muka koya musu ƙirga lokaci tsakanin walƙiya da tsawa, cewa kowace daƙiƙa 3 tana nufin nisan kimanin kilomita 1. Suka yi ta ƙirgawa har barci ya kwashe su. Cikin dukan wannan ba mu ji an ɗaga murya a ɗakin ba. Abin da ke bakin kowa shi ne, Allah ya sawwaƙe, Allah ya kai mu safiya lafiya.

Wajen ƙarfe biyu ruwa ya tsagaita, zafin jikin ya ɗan sauka, yarinya ta samu barci. Sai ga kuka daga kan katanga, siriri, mai tsawo, kamar na jinjiri sabon haihuwa. Wani ya amsa masa. Kafin mu ankara muzurai biyu sun kacame da faɗa a kan rufin rumfa, suna birgima a kan kwano, suna tsuwa da gurnani. Yarinya ta farka a firgice tana ihu. Ba mu san lokacin da muka fita tsakar gida ba takalmi ba, muka rarumi rabin bulo, muka wurga cikin duhu, muna furta maganganun da ba su dace da bakin da ya gama gaida Uwargida Maryamu yanzu-yanzu ba. Bulo bai sami muzuru ba. Randar ruwan sha ya samu, ta dare gida biyu.

Da muka koma ɗaki, gwaggo ta matso ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ɗana, wannan fa ba kukan mage ba ne. Ka dai yi tunani. Wa ya shafa kan yarinyar nan ranar Lahadi a bakin coci?"

Ba wanda ya ambaci suna, amma kowa ya san wadda ake nufi. Wata tsohuwa ce a ƙarshen layinmu, mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta da ɗa a raye, tana zaune ita kaɗai tare da magunanta. Muka ce, "Haba Gwaggo, a bar wannan magana." Amma a sanyaye muka faɗa, kuma gaskiyar da za mu furta a gabanku ita ce, har gari ya waye zuciyarmu ba ta bar maganar ba.

To, ga tambayar. Abubuwa uku ne suka hana mu barci a wannan dare. Biyu daga cikinsu suna iya kisa, watau ciwo da hadari, muka kuwa sunkuyar da kai a gabansu cikin ladabi. Na uku ba ya iya yi mana kome in ban da ƙara, shi ne kuma muka ɗaukar wa bulo. Me ya sa? Yaya kuma aka yi, cikin minti biyar kacal, fushin ya tashi daga kan muzuru ya sauka a kan 'yar'uwarmu cikin baftisma?

Da farko mun so mu yaba wa kanmu, mu ce ai mun yi haƙuri da manyan jarrabawa, ƙaramar ce kawai ta kā da mu. Da muka sake dubawa sai muka ga ba haka ba ne. Abin da muka kira haƙuri a gaban zazzaɓi da tsawa, rabinsa rashin yadda za mu yi ne. Ba a jifar hadari, ba a zagin zazzaɓi ya ji. Tsoro da gajiya da jin rashin ƙarfi sun yi ta taruwa a ƙirji tun daga la'asar, suna neman ƙofar fita, sai muzuru ya buɗe musu. Kakanninmu sun san wannan hali sarai, shi ya sa suka yi zancen wanda ya bar jaki yana dukan taiki. Mukan gan shi da rana tsaka ma: mutumin da aka wulaƙanta a wurin aiki ya yi shiru, ya dawo gida ya huce a kan matarsa, matar ta huce a kan yaro, yaron ya fita ya shuri akuya. Fushi kamar ruwa yake, gangare yake bi, sai ya sami wanda ba zai iya ramawa ba sa'an nan ya kwanta.

Littafi Mai Tsarki ya ajiye mana hoton wannan a cikin Littafin Ƙidaya, sura 22. Bal'amu yana bisa jakarsa, ya kama hanyar da ba ta gamshi Allah ba, mala'ikan Ubangiji ya tsaya a gabansa da takobi a zare. Jakar ta gani, mai ita bai gani ba. Sau uku tana kaucewa, sau uku yana dukanta, har Allah ya buɗe bakin dabba ta tambaye shi laifin da ta yi masa. Mutumin da ake zuwa ɗauka daga ƙasa mai nisa saboda an ce yana ganin abin da ke ɓoye, shi ne ya kasa ganin abin da ke gabansa, ya huce a kan halittar da ta ceci ransa. Mu ma magunan da muka jefa su ne suke tsare mana buhunan masara daga ɓeraye shekara da shekaru. Katikisim na Ikklisiyar Katolika, wanda aka fitar a shekara ta 1992, ya koyar a sakin layi na 2418 cewa wahalar da dabba ba dalili abu ne da ya saɓa wa mutuncin ɗan Adam kansa. Mun karanta wannan tun da daɗewa, amma ba mu tuna da shi ba sa'ad da bulo yake hannunmu.

Da abin ya tsaya a kan mage, da ba mu cika muku shafi da shi ba. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne mataki na biyu. Zuciyar ɗan Adam ba ta son wahalar da ba ta da fuska. Idan ciwo ya zo haka kawai, ba abin da ya rage mana sai jira, jira kuwa yana da ɗaci. Amma idan wani ne ya aiko shi, to, akwai abin yi: akwai ƙofar da za a buga, akwai wanda za a tuhuma. Almajiran Ubangijinmu ma ba su tsira daga wannan ba. A Bishara ta hannun Yohanna, sura 9, da suka ga mutumin da aka haifa makaho, abin da ya fara zo musu shi ne neman mai laifi, ko shi ne ko iyayensa. Yesu ya kawar da duka biyun, ya juyar da hankalinsu zuwa ga aikin da Allah zai yi, sa'an nan ya warkar da mutumin.

Rashin sani ya fi dare duhu, saboda haka bari mu faɗi abin da aka sani. Washegari an gwada jinin yarinyar, aka ga zazzaɓin cizon sauro ne. Tun a shekara ta 1880 wani likita Bafaranshe, Alphonse Laveran, ya ga ƙwayar wannan cuta a cikin jinin wani majinyaci a ƙasar Aljeriya, a shekara ta 1897 kuma Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro a ƙasar Indiya. Macen sauro ce take ɗaukar ƙwayar daga jikin wani zuwa jikin wani, da dare take cizo, kuma yawanci sai bayan kwana 10 zuwa 15 ciwon yake bayyana. Ku lura da wannan lissafi, 'yan'uwa. Daren da muke magana a kansa daren Laraba ne. Tsohuwa ta shafa kan yarinya ranar Lahadi, kwana 3 ke nan. Ashe tun kafin hannunta ya taɓa kan yarinyar, cuta ta riga ta kwana bakwai ko fiye a jikinta. Ta ina ta shiga? Ta wata huda a gidan sauronta, wadda muka yi makonni muna cewa za a ɗinke gobe. Mai laifin bai yi ihu a kan katanga ba, a hankali ya shigo ya fita. Wanda kuwa ya bar masa ƙofa a buɗe, shi ne ya fita da bulo yana neman wanda zai jefa. Haka nan mu ne muka ga zazzaɓi da la'asar, sa'ad da rafi yake a bushe, muka ce sai da safe. Zargin maƙwabci yana da wani daɗi da ba a cika faɗa ba, yakan rufe mana ido daga sakacin kanmu.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne da za a ce sai an nemi wani dalili na ɓoye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2022 ya kashe mutum kimanin 608,000 a duniya, kusan kashi 31 cikin 100 nasu a Nijeriya, mafi yawansu kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Kukan maguna ma ba asiri ba ne. Mace takan yi irin wannan kuka mai kama da na jinjiri idan lokacin barbararta ya yi, muzurai kuma sukan yi faɗa a kanta ko a kan wurin zama, da dare kuwa suka fi yawo. Haka Mahaliccinsu ya yi su.

Mun san wani zai ce mana, "To, kuna nufin babu mugunta a duniya ke nan? Ku da kuka yi boko kun mai da kome sauro." Tambaya ce mai nauyi, ba za mu yi mata dariya ba. Ikklisiya ba ta taɓa koyar da cewa babu Shaiɗan ba. A ranar baftisma, da kuma kowane daren Ista, mukan yi alkawarin ƙin sa da dukan ayyukansa. Ba ta kuma musa cewa akwai masu zuwa wurin boka da nufin cutar da 'yan'uwansu ba, ta ma haramta wannan da kakkausar murya a sakin layi na 2117 na Katikisim. Amma tsakanin cewa akwai mugunta a duniya da cewa wance ce ta kama kurwar 'yata, akwai kogi mai faɗi, kuma ba a tsallaka shi da kukan mage. Wace shaida muke da ita a wannan dare? Zazzaɓi a damina, tsawa a watan Yuni, da tsohuwa da ta nuna wa yarinya ƙauna a bakin coci. Katikisim, a sakin layi na 2477 da na 2478, ya lissafa yarda da laifin maƙwabci ba tare da isasshen dalili ba, ko da a zuci ne kawai, a cikin zunuban da suka saɓa wa doka ta takwas, ya kuma umarce mu mu fassara maganar ɗan'uwa da aikinsa ta fuska mai kyau iyakar iyawarmu. Hausawa sun taƙaita shi da cewa zato zunubi.

Akwai kuma wani abu da ya kamata ya sa mu shakkar wannan zato tun daga tushensa. Bari kowa ya tuna waɗanda ya taɓa ji an kira mayu a garinsu. Sau nawa aka nuna attajiri mai 'ya'ya maza goma? Sau nawa aka nuna mai riƙe da muƙami? Kusan kullum tsohuwa ce, ko gwauruwa, ko wadda ba ta haihu ba, ko maraya, ko baƙon da ba shi da dangi a gari. Abin mamaki ne a ce wannan ƙarfi mai ban tsoro bai taɓa zaɓar kowa ba sai waɗanda ba su da mai tsaya musu. Mu dai a ganinmu, hanyar da ta kai bulonmu ga muzuru ita ce ta kai zatonmu ga tsohuwa. Mun kuma san abin da yakan biyo baya idan magana ta fita daga ɗaki: a je wurin mai duba, a jawo tsohuwa a ce sai ta tsallaka majinyaci, a daina sayen ƙosanta, a bar mata benci ita kaɗai a coci, wani lokaci a yi mata duka ko a kore ta daga gari. Ana cikin wannan kuma yaro yana kwance, alhali zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana iya kisa cikin awa 24 idan ba a yi magani ba. Ta haka gida ɗaya yakan yi hasara biyu. Dokar ƙasarmu ma ta mai da zargin mutum da maita laifi, ko da yake ba kowa ya san haka ba.

Kada wani ya ɗauka wannan ciwon baƙar fata ne kaɗai. A ƙasashen Turai, tsakanin ƙarni na 15 da na 18, masana tarihi sun ƙiyasta an kashe mutum 40,000 zuwa 60,000 bisa zargin maita, yawancinsu mata, kuma Kirista ne suka kashe su, Katolika da waɗanda ba Katolika ba. A cikin wannan duhu wani Fada Bajamushe na ƙungiyar Jesuit, Friedrich Spee, ya fitar da wani littafi a shekara ta 1631, bai sa sunansa a kai ba saboda hatsarin da ke ciki. Ya nuna cewa azaba tana iya sa kowane mutum ya amsa laifin da bai yi ba, har ya ambaci sunayen wasu, su ma a kamo su. Ya rasu a shekara ta 1635 a birnin Trier, bayan ya ɗauki annoba wajen jinyar sojoji. A zamaninmu kuma, cikin watan Maris na shekara ta 2009, Paparoma Benedict na 16 ya yi magana a birnin Luanda na ƙasar Angola a kan yadda tsoron miyagun ruhohi yake kai mutane ga hukunta yaran titi da tsofaffi da sunan maita. Mun kawo waɗannan domin mu nuna cewa Ikklisiya ta ɗanɗani wannan kuskure a cikin gidanta, ta san ɗacinsa, ba daga nesa take magana ba.

Amma ba zai wadatar a ce wa mutum kada ka yi fushi ba. Uban da yake kallon 'yarsa tana sambatu da ƙarfe biyu na dare ba dutse ba ne. Tsoron gaskiya ne, nauyin da ke ƙirji ma gaskiya ne, dole ya sami inda za a sauke shi. Ina ne wurin?

A nan ne muka ga Littafi Mai Tsarki ya fi mu ƙarfin hali. Ayuba ya san daren rashin barci. A sura 7 ta littafinsa ya kwatanta yadda yake kwanciya yana ɗokin wayewar gari, yana ta juyi, dare ya ƙi ƙarewa. Bai yi shiru ba, bai kuma yi maganar da muka saba kira ta ladabi ba. Ya kai ƙararsa gaban Allah kai tsaye, da kalmomi masu zafi har mai karatu yakan ji tsoro. Abokansa uku kuwa suka zauna suna binciken wanda ya yi laifi. A ƙarshen littafin, a sura 42, Allah ya ce Ayuba ne ya faɗi daidai game da shi, abokan nan kuwa sai da Ayuba ya yi musu addu'a. Haka kuma a Bishara ta hannun Markus, sura 4, sa'ad da hadari ya taso a teku, ruwa yana cika jirgi, Yesu yana barci a kan matashi a bayan jirgin. Almajirai suka tashe shi da magana mai kama da zargi, suna tuhumarsa da rashin kula da halakarsu. Ya tsauta musu saboda ƙarancin bangaskiya, gaskiya ne, amma ya tashi, ya kuma tsawata wa iska. Ba su juya suna duban junansu suna neman wanda ya jawo hadarin ba. Sun kai kukansu wurin wanda yake iya ɗaukarsa.

Mu kuwa mun juya abin. A gaban Allah muka yi ta maimaita kalmomi masu laushi, alhali zuciya tana tafasa, muka ɓoye masa ainihin abin da ke cikinmu kamar wanda yake jin kunyar baƙo. Sa'an nan muka fita muka zuba tafasasshen a kan halittunsa. Da mun durƙusa mun ce, ya Ubangiji, muna jin tsoro, muna jin haushi, ba mu gane abin da kake yi ba, ina kake, da wannan ya fi kusa da addu'ar Zabura fiye da abin da muka yi. Allah ba ya fashewa kamar randa. Shi kaɗai ne za a iya jefa wa dukan nauyin dare bai ji rauni ba, kuma a kan gicciye ya riga ya nuna cewa ya yarda a yi hakan.

Akwai masu tsaron dare da suka zaɓa da kansu. Mai Albarka Cyprian Michael Iwene Tansi, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ɗaukaka a ƙasarmu a watan Maris na shekara ta 1998, ya yi shekarunsa na ƙarshe, daga 1950 zuwa 1964, a gidan sufaye na Mount Saint Bernard a Ingila, inda ake tashi tun cikin dare domin addu'a. Namu tsaron ba mu zaɓe shi ba, ɗora mana aka yi. Duk da haka abin da Ubangiji ya roƙi Bitrus da Yakubu da Yohanna a Getsamani bai wuce wannan ba, su zauna a faɗake tare da shi cikin baƙin cikinsa. Bai ce su kawar da ƙoƙon ba. Da masu kama shi suka iso, Bitrus, wanda ya kasa tsaro na awa ɗaya, shi ne ya yi saurin zare takobi ya sare kunnen bawa. Zama kusa da mai wahala ba tare da iya yin kome ba ya fi zare takobi wuya. A ɗakinmu uwar yarinya ce kaɗai ta iya shi. Ba ta fita ba, ba ta tanka wa gwaggo ba, tsummanta kawai take matsewa tana sake jiƙawa.

Da hantsi rafi ya janye, muka tsallaka. Aka huda yatsan yarinya, cikin minti 20 sakamako ya fito, aka ba ta magani na kwana 3, aka kuma yi mana faɗa, wanda muka cancanta, a kan jinkirin da muka yi. Da muka dawo bayan azahar sai muka tarar da tsohuwar nan zaune a ƙofar gidanmu, da 'yar langa a gabanta.

Ta ce, "Sannunku, ɗana. Yaya mai jiki? Na jiyo kukanta cikin dare, na so in zo, to ƙafa ba ta kai ni, ga kuma iska ta yaye mini jinka. A kan turmi na kwana, da buhu a ka. Na ce tun da barci ya gagara, bari in yi wa jikata Rosari. Ku yi haƙuri da magunan nan, ɗakin ne ya jiƙe suka watse cikin gari."

Muka ce, "Sannu Iya, Allah ya saka da alheri." Ba mu iya ɗaga ido mun dube ta ba.

Kunun tsamiya ne a cikin langar. Gwaggo ta karɓa, ta tsaya da shi a hannu, ba ta shiga ciki ba, ba ta kuma ajiye ba. Uwar yarinya ta zo ta karɓe shi daga hannunta, ta zuba a kofi, ta ba yarinya a gaban kowa. Shi ne abu na farko da ta yarda ta sha tun jiya da rana.

Ranar Asabar muka je wurin Fada muka furta zunubinmu. Muka tambaye shi ko wajibi ne mu je mu gaya wa Iya abin da muka zata, mu roƙi gafararta. Ya ce tun da maganar ba ta fita daga ɗaki ba, kada mu ɗora mata nauyin da ba ta san da shi ba don kawai mu ji sauƙi a ranmu. Akwai wata hanyar biya. Da yammacin ranar muka tara matasan unguwa biyar, aka yanko ciyawa da gora, aka sake yi mata jinka. Gwaggo ce ta dafa wa masu aikin abinci, ba wanda ya sa ta. An ɗinke gidan sauro. Randa kam har yanzu ba mu sayi wata ba, a bokiti muke shan ruwa, muzuru mai yagaggen kunne kuwa yana nan kan katanga kowace safiya yana shan hantsi.